Gofur Ranar Biko

Ƙwai takwas Haoua ta fasa a safiyar nan, kowanne sai da ta buga shi a bakin ƙwarya kamar kan wani ne. Gari bai gama wayewa ba, takun masu dawowa daga masallaci kawai ake ji a lungu. Ta zuba garin alkama, ta zuba madara da sukari da ɗan gishiri, ta tsiyaya man shanun da ta narkar, ta kawo levir, yis ɗin da ke tayar da ƙullu, wanda ta jiƙa a ruwan ɗumi ta juye. Sannan ta ɗauki muciya ta hau ƙullun nan da duka, har ƙwaryar tana tsalle tsakanin ƙafafunta.

Yau kwana tara ke nan da aka kawo mata ɗiyarta Sakina a kan amalanken mai ruwa, da rana tsaka, baki ya karkace gefe, jini har cibiya. Maƙwabciyar da ta rako ta ce ta tsince haƙora uku a ƙasa ta ƙulle mata su a bakin zane. Mijin Sakina, Habibu, shi ne ya yi aikin.

Ku ji laifin da ta yi. Habibu mota yake tuƙawa tsakanin Agadez da Djado, yana kai wa masu haƙar zinariya ruwa da abinci. Ya sayi alasho, rawanin nan baƙi mai sheƙi wanda ba a bari ruwa ya taɓa, wai zai je bikin makiyaya na Ingall a gan shi. Ya rataye shi a ɗaki. Ruwan sama ya sauko, rufin da Sakina ta yi wata biyu tana roƙonsa ya sa a yaɓe ya yi yoyo, ya ɗiga a kan alashon, sheƙin ya mutu. Shi ke nan. Iyakar laifin ke nan. Da ƙarfen kwance tayar mota ya same ta. Bara ma da cikinta na wata biyar ya zube, ƙafarsa ce, aka ce wa mutane zazzaɓi ne.

Haoua ba ta zauna ba. Washegari ta ɗauki mayafi ta tafi komisariya wajen ƴan sanda da ƙafarta, ta faɗi abin da aka yi. Suka ce mata: Inna, sai mai ciwon ta zo da kanta, ko a kawo takardar likita. Ta dawo gida ta tarar da Alkasum zaune a zaure, ya riga ya kawo mai ɗori ya ɗaure wa yarinya haɓa da tsumma tun daga ƙasa har tsakar ka. Ya ce ba likita, ba komisariya, maganar gida ba ta fita waje, kuma in Sakina ta taka bakin ƙofar nan bai yafe mata ba duniya da lahira. Sakina ta tsorata da bakin uba, ta kwanta.

To Alkasum ɗin nan shi ne ƙanen marigayi Amadou mijin Haoua. Tun da Amadou ya rasu shi ne uban Sakina, shi ne waliyyinta, shi ya kamata ya tsaya mata. Kuma shi ya haifi Habibu. Auren gida aka yi. Wanda zai karɓar mata haƙƙi shi ne uban wanda ya fasa mata baki. Ku faɗa mini inda mace za ta kai kuka.

Jiya da la'asar ya aiko: gobe da safe za su zo biko, shi da Habibu da limamin unguwa, a mai da yarinya ɗakinta. Har da ƙarin magana, wai matar Yaya ta yi musu gofur irin na da, a karya kumallo tare kamar yadda aka saba, zukata su yi sanyi.

Gofur ɗin nan a duk unguwar gidan Haoua kaɗai ake yin shi. Maƙwabta masar Nasara suke ce masa. Amadou ya yi shekara ashirin yana dafa wa Turawan ma'adini abinci a Arlit, da ya bar aiki ya taho da ƙarfen da ake gasa shi. Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, baki biyu kamar na kada, cikinsa gida-gida, da dogayen hannuwa biyu da wani zobe da ake turawa ya kulle su. Ba a wanke shi da sabulu, ba a bari ruwa ya kwana a kansa, tsumma da mai kawai. Shekara da shekaru, duk safiyar Juma'a, gidan Amadou da gidan Alkasum a tabarma ɗaya suke karyawa da shi. Habibu tun yana rarrafe yake cin na hannun Haoua.

Ta rufe ƙullu da faifai ya tashi. Ta hura gawayi har ya yi ja, ta ɗora ƙarfen. Da ta tofa masa ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ɓace, ta san ya yi. Ta shafa mai da tsumman da ke ɗaure a kan tsinke, ta zuba ludayi guda, ta rufe, ta tura zobe. Ƙulhuwallahu uku a wannan gefen, a juya, uku a wancan. Haka Amadou ya koya mata tun da ba ta san agogo ba. Na farko ya fito ja, yana tururi. Ta marmashe shi a kwano, ta kwarara madara mai ɗumi, ta dama har ya zama kamar kunu, ta shiga ɗaki.

Sakina na zaune jingine da bango. Kumburin ya sauka daga ido ya taru a wuya, baƙi da kore. Haoua ta durƙusa ta riƙa zura mata ta gefen baki da ƙaramin cokali, ta wajen gurbin haƙoran da suka fita, don nan ne kaɗai hanya. Rabi na shiga, rabi na bin tsumma.

"Inna," in ji Sakina ta cikin haƙora, magana na fita kamar ta bakin tulu, "yau za su zo?"

"Haɗiye."

"In na koma kashe ni zai yi."

"Na ce ki haɗiye."

Ta ci gaba da zura mata cokali. Sakina ƴar fari ce. Shekara ashirin da tara Haoua ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta. Uwa ba ta shiga maganar ƴar fari, ko yanka ta ake sai ta kau da kai ta ce ta dangin uba ce. Zuwanta komisariya ma a ɓoye ta yi shi, ta ce musu ɗiyar mijinta ce. Alkasum ya san da wannan kunya sarai, shi ya sa ya zaɓi a yi zaman a tsakar gidanta. Ya san za ta juya baya ta yi ta gasa musu gofur har su gama.

Hantsi bai ɗaga ba suka yi sallama. Zauren ya jiƙe da ruwan shekaranjiya, sai aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, taku huɗu daga murhu. Malam Illiya liman ya zauna, tsoho ne mai sanyin magana, gemunsa fari fat. Alkasum ya zauna kusa da shi ya jingine sandarsa. Habibu ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya tsuguna can jikin bango, ya ja rawani ya rufe hanci.

"Inna, ina kwana," ya ce da ƙasa.

"Lahiya," in ji Haoua, ita ma da ƙasa take. Tun ranar da ya zama surukinta ba ta ƙara kallon fuskarsa ba.

"Matar Yaya!" Alkasum ya buɗe murya. "Ƙanshin nan tun daga bakin masallaci yake jan mutum da hanci."

"Hancinka dama bai taɓa jiran a kira shi ba."

Ya yi dariya ya dubi liman. "Ka ji ta ko, Malam? Haka take mini tun ina yaro."

"Tun kana da ƙazuwa a gindi," in ji Haoua. "Ni na wanke maka ita da toka."

Ta tura musu faifai cike, da kwanon dabinon Ingall da ta daka da man shanu. Alkasum ya haɗa shayi da kansa. Suka sa hannu. Habibu bai matso ba, suruki ba ya ci a gaban surukarsa. Haoua ta koma bakin murhu ta ba su baya. Zuba, rufe, tura zobe, juya.

Malam Illiya ya share baki ya fara. Ya yi salati, ya yi maganar haƙuri, ya ce zaman aure ba ya rasa saɓani, kuma an gaya masa yarinya ta yi fushi ne bayan ƴar hayaniya, garin gudu ta faɗi ta bugi ƙyaure. Alkasum ya jawo ƙunshi ya kwance: zane biyu, takalmi, turare.

"Ga abin biko," ya ce. "Yaro ya yi nadama. Ko ba haka ba, Habibu?"

"Haka ne, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ita uwa ba ta da ta cewa a nan, mun san kunyarta, ba za mu wahalar da ita ba. Yarinya ta shirya kayanta, mu wuce da ita tun rana ba ta yi zafi ba."

Haoua ta gama Ƙulhuwallahu ta uku. Ta buɗe ƙarfe ta fitar da gofur. Ta sake zuba wani ta rufe, ta tura zobe. Sannan ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta, ta zo gaban tabarma ta zazzage shi a kan faifai, tsakiyar abincin. Haƙora uku suka gangara, ɗaya ya faɗa cikin gidan gofur ya zauna. Biyu turame ne, da saiwarsu, da busasshen nama a jiki.

"Malam," ta ce, "wane irin ƙyaure ne ke cire turmi da saiwarsa?"

Liman ya tsaya da tauna. Loma na bakinsa, ya rasa ta haɗiyewa ya rasa ta tofarwa.

"Haoua!" in ji Alkasum. "Mi ke damunki? Gaban Malam?"

"Gaban Malam ɗin. Shi ka yi wa ƙarya ai, ba ni ba. Sakina ɗiyata ce. Sakina. Ka ji na faɗa. Ni na yi naƙudarta kwana biyu a Arlit kana nan kana kiwon awaki. Da ƙarfen taya ɗanka ya fasa mata baki saboda tsumman kai. Bara ya zubar mata da ciki da ƙafa, kai ka ce a ce zazzaɓi."

"Yau kuma sunanta kike kira? Kin zubar da kunya, tsohuwar banza?"

"Na zubar. Tsince ta ka haɗa da zannuwanka."

Malam Illiya ya ɗaga hannu. "A kira mini yarinyar in gan ta."

"Malam, ba sai..."

"A kira ta, Alkasum."

Ba wanda ya kira ta, da kanta ta fito tana dafa bango, don duk tana ji. Da ta shigo haske liman ya ce innalillahi, ya sake cewa. Ya tambaye ta a hankali, "Ɗiyata, kina son komawa ɗakinki?"

Sakina ta dubi Alkasum. Ya zare mata ido. Ta dubi ƙasa. Sannan ta cikin tsumman nan ta ce, "Ba ni komawa."

"Mi ta ce?" in ji Alkasum.

"Ka ji ta," in ji Haoua.

Habibu ya miƙe. Rawanin ya zame daga fuskarsa, a nan Haoua ta kalle shi karo na farko cikin shekara bakwai. Idanun jajaye ne, irin na masu haɗiyar ƙwaya don kada barci ya ɗauke su a hanyar hamada. Duk ladabin da ya shigo da shi ya bar shi a jikin bango tare da takalmansa.

"Ba ki komawa? Don uwarki, ni za ki tozarta gaban mutane?"

"Habibu, zauna!" in ji liman.

Ina. Taku uku ya yi, ya yi ƙwallo da ƙwaryar ƙullu ta fashe a bango, ya kai hannu ya damƙi tsumman da ke ɗaure da haɓarta, nan daidai inda ƙashin ya karye, ya fizga. Ƙarar da Sakina ta yi ba ta mutum ba ce. Ta zube a gwiwa, ya ci gaba da janta a ƙasa zuwa zaure kamar akuyar da za a kai mahauta, sabon jini na bin tsumman. Alkasum na zaune yana cewa, "A hankali mana, a hankali," ko tashi bai yi ba.

Habibu bai ko waiwayi murhu ba. Me zai waiwaya? Suruka ce, ko inuwarsa ba ta takawa.

Haoua ta sunkuci ƙarfen da hannu biyu daga kan wuta, ta ɗaga shi sama da kai, ta sauke masa a gwiwar hannu. Aka ji ƙas. Ya saki Sakina ya juyo yana zagi, ya kai hannun dama zai ƙwace abin da aka doke shi da shi. Namijin da bai taɓa tsayawa bakin murhu ba, ya ga ƙarfe baƙi ƙirin ya ɗauka mai sanyi ne, bai san irin wannan ba ya ja ko ya kwana a wuta. Kafin ya kai, Haoua ta zare zobe, bakin ya buɗe, gofur ɗin ciki ya faɗi, hannunsa ya shige har wuyan hannu. Ta rufe. Ta tura zobe.

Ƙarar farko ta ƙarfen ce, cuuu, irin ta nama a kasko. Tasa ta biyo baya. Ya yi tsalle, ya faɗi, ya tashi, yana jan hannu ƙarfen na bin sa, Haoua na maƙale da hannuwan ƙarfen kamar an ƙera ta tare da su. Wari ya cika gida, warin gashi da kitse. Ya dunƙule hagu ya kai mata a ido. Ta ga wuta. Ya ƙara mata a baki, ya sa ƙafa ya hankaɗa ta, ta faɗa kan murhu, gawayi ya watse, wani ya shige ƙarƙashin cinyarta, bakin zanenta ya kama. Ba ta saki ba. Da ta faɗi ma sai ta jawo shi ya durƙusa a gabanta.

Yanzu kam Alkasum ya tashi. Ya ɗauki sanda ya hau dukan hannunta. "Buɗe! Buɗe, mayya! Za ki nakasa mini yaro!"

"Yanzu ka san tashi?" Jini na fita bakinta tare da maganar. "Doki! Karya yatsun! Wallahi ko ka sare hannun sai dai a binne shi da ƙarfen nan!"

"Inna! Inna, don Allah! Don Annabi!" Habibu ne ke ihu.

"Ka raba aurenka da ɗiyata. Faɗi Malam ya ji."

"Na sake ta! Na sake ta, saki uku, wayyo Allah, Inna, na sake ta!"

Ta ja zoben da babban yatsa, don sauran sun daina jin maganarta. Ƙarfen ya buɗe da ƙyar. Fatar bayan hannun ta zauna a cikin gidajen ƙarfen, abin da ya fito fari ne da ja, an zana masa gida-gida tun daga yatsu har wuyan hannu. Habibu ya kalle shi sau ɗaya ya yi amai a kan tabarma. Sakina ce ta rarrafo ta tuntsurar da tulu a kan zanen uwarta, wutar ta mutu.

Matan maƙwabta sun riga sun cika zaure, wasu ta kan katanga suke leƙe. Alkasum ya tura kan ɗansa cikin cinyarsa, ya juya ga liman yana haki.

"Malam, wannan saki ne? Faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, wannan saki ne?"

Malam Illiya ya dubi Sakina, ya dubi Haoua da ke zaune cikin ruwa da toka. Sannan ya ce, "Sakin da aka karɓa da wuta bai auku ba. Ba ni da ikon in ce ya auku. Tana nan matarsa. Amma Alkasum, abin da na gani yau..."

"Shi ke nan, kun ji! Matarsa ce!"

Haoua ta ji maganar ta fi sandar zafi. Ta dubi yatsunta, biyu sun kumbura sun karkace. Ta ƙone ɗan da ta goya, ta zubar da kunyar shekara ashirin da tara, a gaban liman, a gaban unguwa, kuma yarinya na nan matarsa.

"Baba, kira ƴan sanda!" Habibu na birgima yana kuka. "A ɗaure ta! Da mi zan riƙe mota? A ɗaure tsohuwar nan ta mutu a can!"

Alkasum, mutumin da ya kwana tara yana cewa maganar gida ba ta fita waje, ya zaro salula daga aljihu, ya kira. Ya faɗi unguwa, ya faɗi lungu, ya ce ku zo da sauri an ƙone mini ɗa. Sai da ya kashe ya ɗaga kai ya ga Sakina zaune a tsakar gida, tsumma ya kwance, haɓa ta saki gefe guda, jini na ɗiga a ƙirjinta. Nan ya gane abin da ya yi.

"Ke, tashi ki shiga ɗaki. Tashi na ce! Kada in ga ƙeyarki sai sun tafi."

Sakina ta yunƙura, don jikinta ya saba bin muryar nan. Haoua ta kama ƙafarta da hannun da ya rage.

"Zauna, Sakina. Kwana tara nake neman su zo, ga shi ya kira mini su da bakinsa."

Alkasum ya ɗaga sanda ya yo kansu. Tsohon liman ya shiga tsakani, ko kafaɗar Alkasum bai kai ba.

"Sauke," ya ce. "Ka sa na ci abinci a kan ƙarya. Tana nan inda take, ni ma ina nan."

Ƴan sanda uku suka zo, maza biyu da mace guda. Babbansu ya dubi hannun Habibu ya tsuke baki, ya ce wa ya yi wannan. Haoua ta ce ni ce, ga ƙarfen can, ku ɗauka da tsumma har yanzu da zafi. Macen kuwa ba ta tsaya wajen maza ba, ta tsuguna gaban Sakina, ta ɗaga tsumman da yatsa biyu, ta daɗe tana kallo. Ta yi wa babban magana da Faransanci. Ya zo shi ma ya duba.

"Wannan fa?"

"Faɗuwa ta yi," in ji Alkasum.

"Ba kai na tambaya ba, Alhaji."

"Ni zan faɗa," in ji Malam Illiya. "Na yau dai a idona aka yi."

Duka aka kwashe a mota ɗaya. Habibu da Sakina aka wuce da su gidan likita, Haoua aka sauke ta a komisariya bayan an wanke mata cinya an ɗaure yatsun. Aka tambaye ta, ta faɗi komai, ba ta rage ko zoben ba. Aka ce ta san za ta je gaban alƙali? Ta ce ta sani, dama shi take nema. Ta dangwala yatsan hagu a takarda. Aka kulle ta a ɗakin mata, ita da wata mai barci.

Sai bayan la'asar ƴar sandan nan ta buɗe ƙofa ta ce ta fito bakin baranda, an zo ganinta. Sakina ce, an ɗaure mata haƙora da waya, fuska cikin farin ƙyalle, takarda a hannu. Can kan benci Alkasum ne zaune, rawani a cinya, ya tsufa da shekara goma tun safe.

"Mi aka rubuta?" in ji Haoua.

Ƴar sandan ta karɓa ta juya mata da Hausa: ƙashin muƙamuƙi ya karye wuri biyu, karayar ta kwana tara, an sake gocar da ita yau, haƙora uku sun fita, duka ne da ƙarfe.

"Ƙara karantawa. Da ƙarfi. Akwai mai ciwon kunne a kan bencin can."

Ta ƙara, da ƙarfi. Alkasum bai ɗaga kai ba.

"Shi kuma ɗan nasa fa?" in ji Haoua.

"In an sallame shi nan za a kawo shi," in ji ƴar sandan. "Ɗakin maza na bayan naki. Ita kuma ba mai kai ta gidansa sai alƙali ya saurare ta. Limaminku ya ce shi zai raka ta ta nemi a raba auren."

Haoua ta gyaɗa kai. Idonta ɗaya ya rufe ruf, da ɗayan ta dubi ɗiyarta sama da ƙasa. Ta sa haƙori ta kwance mabuɗin da ke ɗaure a bakin mayafinta, ta miƙa mata.

"Ki kulle zaure ta ciki. Kowa ya buga, ko wane ne, ki ce uwarki ba ta nan."